Lambar Baba Likita a Takardar Tallata

Wata bakwai da zuwana Riyad, Yayana ya kira ni a kan maganar gonar mahaifinmu. A lokacin ina aikin nas a wani asibiti mai zaman kansa, ina zaune a gidan da asibitin ya kama mana a unguwar Shumaisi, mu biyu a ɗaki. Mijina ya rasu shekara biyu kafin nan, ya bar ni da yara uku, ni kuma na baro su a Zariya wurin mahaifiyata. Aikin nan shi ne cinsu, shi ne makarantarsu. Ban faɗi haka don in wanke kaina ba, na faɗa ne don a san abin da ke hannuna lokacin da tsoro ya zo.

Gonar da can a bayan gari take, amma garin ya biyo ta har ya kewaye ta. Bayan rasuwar mahaifinmu muka yarda a sayar. Yaya ya kawo mai awo aka yanka ta fuloti-fuloti, aka kafa duwatsu. Shi Yayana mutum ne wanda in ya ga mutum biyu a tsaye a inuwa sai ya fara tunanin abin da zai sayar musu.

"Ƙanwata," in ji shi, "ku da kuke can kuna shara da riyal, ai ku ne masu sayen fili. Ki yi mana talla a cikin 'yan uwanki 'yan Najeriya."

"Yaya, kallon kitse kuke wa rogo."

"To ko rogon ne, a gutsuro mana."

Na yi dariya, na ce zan gwada. Maganar ƙuri'a kuwa ba zan ɗora wa Yaya ba, daga kaina ta fito. Duk babban kantin da na shiga a Riyad sai in tarar da sabuwar mota a bakin ƙofa an ɗaura mata jan ƙyalle, gefenta akwatin gilashi cike da 'yan takardu. Ka yi sayayya, a ba ka takarda ka rubuta sunanka da lambarka ka jefa, ranar da aka sa a jawo ɗaya, mai rabo ya tafi da mota. Sahab suke ce wa abin. Duk mako sai na jefa tawa, ko cokali ban taɓa ci ba. Na ce wa Yaya mu ma mu yi haka. Duk wanda ya sayi fuloti sunansa ya shiga ƙuri'a, in an gama sayarwa a jawo mutum ɗaya a ƙara masa na kan kwana kyauta. Yaya ya yi ta sa mini albarka, ya ce ashe tafiya ta buɗe mini kai. Ni ma na ji kaina ya yi girma. Abin da ban lura da shi ba shi ne ɗan layin da ke ƙasan kowace takardar kanti, inda ake rubuta lambar izinin hukuma da ƙananan baƙaƙe.

Sai Yaya ya kawo maganar da kowane mutumin garinmu zai kawo. A wurinmu ba a sayen fili a hannun takarda, a hannun mutum ake saya. Mai saye zai so ya ji wane dattijo ne ya san gonar, ya san masu ita, wanda in magana ta taso gobe za a je ƙofar gidansa. Balle ni mace, sabuwar zuwa, ba wanda ya san ni. Yaya ya ce in nemi dattijo ya tsaya mana shaida, kuma ba sai na yi dogon tunani ba, dattijo ɗaya muke da shi.

Baba Likita muke ce masa. Likitan yara ne a asibitinmu, ɗan unguwarmu ne a Zariya, ya san mahaifina tun suna samari. Shi ya tarbe ni a Filin Jirgin Sama na Sarki Khalid ranar da na sauka ina rarraba ido, ya karɓi jakata da hannunsa duk da furfurarsa. Ya fi shekara ashirin a ƙasar, ya haura sittin, don haka kwantiraginsa shekara-shekara ake sabunta masa. Gidansa a unguwar Malaz yake, kuma duk Juma'a tuwon Hajiya matarsa ba ya wuce ɗan Najeriyar da ya ƙwanƙwasa ƙofa. Ita Hajiya ƙodarta ta daina aiki, sau uku a mako ake yi mata wankin ƙoda a asibitinmu, a kan inshorar aikin Baba. Kowa a cikinmu ya san abin da ya sa tsohon nan bai koma gida ya huta ba. In aikin ya tsaya, injin Hajiya ya tsaya.

Na tare shi a baranda yana sauri zai shiga ɗakin duba yara.

"Baba, muna sayar da gonar mahaifinmu. In wani ya tambaye ka, ka shaide mu?"

"Gonar bakin rafi? Ai na ci rake a cikinta. Ba komai, 'yata, duk wanda ya tambaya zan faɗa masa gidanku gidan mutunci ne."

Iyakar abin da ya ce ke nan. Ni kuwa na ɗauka ya ba ni izinin komai.

Akwai wani Basudane mai shagon buga takardu a layinmu. Na kai masa abin da na rubuta da Hausa da Turanci, na ce ya ɗora mini kanu da Larabci a sama don takardar ta yi kwarjini. Ya rubuta: filaye na sayarwa, da sahab a kan fuloti kyauta. A ƙasa, da manyan lambobi, wayar Baba. Da ya gama ya daɗe yana kallon takardar, sannan ya ce, "Ya ukhti, 'yar uwata, irin wannan a waya ake tura wa 'yan uwa. Ba a liƙawa." Na ce a raina, ji shisshigi, an ba ka aiki kana ba da shawara. A garinmu da gawayi ma ake rubuta tallan fili a bangon mutane, ba wanda ya taɓa cewa uffan. Na biya shi na kwashi takarduna.

Wuri biyar na liƙa. Allon sanarwa na kusa da lif a ƙofar ma'aikata, ƙofar ɗakin sallar mata, wurin da motar asibiti take ɗaukarmu, wani gidan abinci da 'yan Afirka suke zuwa, sai baƙalar da ke ƙasan gidanmu, wato ɗan kantin unguwa. Ina liƙawa ina ja da baya ina duba ko ta miƙe, sanye da kayan aiki da takunkumi a fuska kamar kowace nas. Kwana biyu bayan haka Baba ya ce mini mutum uku sun kira shi a kan fili, ya ba su lambar Yaya. Yana murmushi ya faɗa. Shi a zatonsa da baki na ba su lambarsa, domin likitoci ta wata ƙofar suke shiga, bai ga allon ba.

Rana ta huɗu na zo wucewa na ga babu takardar a allon. Sai guntayen salatif huɗu a inda kusurwoyinta suke. Na ji haushi, na ce wani ɗan baƙin ciki ne ya cire.

A ranar abokiyar ɗakina ta dawo daga hutu. 'Yar Jos ce, shekararta tara a Saudiyya, ba ta da yawan magana. Ta ga ragowar takardun a kan gadona, ta ɗauki ɗaya ta karanta a tsaye, ko abaya ba ta cire ba.

"Sista, wannan fa? Turawa za ki yi a waya?"

"Ai na riga na liƙa. Har wani ya cire ta asibiti."

Ta zauna a bakin gado a hankali.

"Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Ɗauko iƙamarki. Me aka rubuta a wurin sana'a?"

Iƙama ita ce katin zaman ƙasa, ba ma fita ko baƙala ba tare da ita ba. Na ce nas aka rubuta.

"To nas aka kawo ki, ba dillaliya ba. Baƙo ba ya kasuwancin kansa a ƙasar nan. Tallan fili sai da lasisi. Sahab sai da izini, in babu izini caca suke ɗaukarsa. Laifi uku kika haɗa a takarda ɗaya, kika sa Larabci a sama don kada su sha wahalar karantawa, kika liƙa a bangon kafil ɗinki, asibitin da ya kawo ki ƙasar." Ta sake duban takardar, ta kai yatsa ƙasa. "Wannan ba lambarki ba ce."

"Ta Baba ce."

Ta ajiye takardar a kan gado. Na tambaye ta me ake yi wa wanda aka kama. Ta ce ba ta san ƙa'idar ba, ita dai ta ga an yi wa mutane huruj a kan abin da bai kai wannan ba. Huruj ita ce bizar fita ba dawowa.

Na zari abaya na fita da tsakar rana, lokacin da titin Shumaisi yake zama fayau saboda zafi. Na ruga asibiti na yage ta ƙofar ɗakin sallar mata, na yage ta wurin tsayawar mota, na yage ta gidan abinci ina waige-waige kamar ɓarauniya. Da na zo baƙala babu takardar a ƙofa. Na tambayi mai kantin, wani Ba'indiye da kullum muke gaisawa. Ya ce wani mutum ya zo jiya, ya ɗauki hotonta da waya, ya cire ta ya tafi da ita. Na ce wane ne? Ya ɗaga kafaɗa ya ce, "Mafi ma'alum," wato bai sani ba, ya ci gaba da jera madara. Ko mai son sayen fili ne, ko ma'aikacin hukuma ne, har yau ban sani ba.

A kan matakalar gidanmu na kira Yaya ina haki, na faɗa masa.

"To a cire takardar mana," in ji shi. "Meye abin tashin hankali? Kin kashe wani ne? Af, mutum biyu fa sun kira, ɗaya injiniya ne, yana son biyu."

Ban taɓa ɗaga wa Yayana murya ba sai ranar. Na ce masa ya dakatar da komai, in ya sake ambaton ƙuri'a ko a mafarki ban yafe ba. Na kashe wayar. Na san ba laifinsa ba ne, amma shi na samu.

Washegari bayan sallar azahar Baba ya aiko a kira ni ofishinsa. Takardata tana kan teburinsa, an sa ta a cikin leda mai haske, an manna mata wata 'yar takarda mai hatimi.

"Zauna, 'yata. Ke kika yi wannan?"

"Ni ce, Baba."

"Da safe ofishin ma'aikata suka kira ni. Sun ce ranar Laraba mai zuwa zan zauna gaban kwamiti, tahƙiƙ za su yi." Ya cire tabarau ya murza idonsa. "Bincike ke nan. Suna so su ji ko likitansu ya buɗe dillanci da caca a cikin asibiti."

Na durƙusa a gaban teburin ina kuka, ina cewa wallahi ban sani ba. Ya ce in tashi, ƙofa a buɗe take, kada wani ya gani.

"Na san ba ki sani ba. Baƙo ko yana da ido makaho ne. Laifina ne ma da ban tambaye ki yadda za ki yi tallan ba. Yanzu saurara. Sun tambaye ni wa ya liƙa, na ce zan ba su amsa ranar Laraba. Ke wata bakwai gare ki, ba wanda ya san ki. In sunanki ya shiga takarda, kafin ƙarshen wata kina Zariya. Ni sun san ni shekara ashirin, na yi wa 'ya'yan rabinsu magani. Gargaɗi za su yi mini."

"Baba, kwantiraginka fa? Hajiya fa?"

"Babba juji ne. Ki koma bakin aikinki, kada ki gaya wa kowa."

Ga abin da ban taɓa faɗa wa kowa ba. Lokacin da ya ce in koma bakin aikina, daɗi na ji. Wani sanyi ya ratsa ni tun daga kai har ƙafa, kafin kunya ta biyo baya. Na ce masa a'a, ba zai yiwu ba, amma a'ar da na yi irin wadda ake yi wa mai gida ce in ya ce a ƙara tuwo. Shi ma ya ji hakan a muryata.

Kwana shida tsakanin ranar da Laraba, kuma ban taɓa ganin kwanaki masu tsawonsu ba. Mai kaza a aljihu ba ya jimirin as. In mai gadi ya gaishe ni da fara'a sai in ce ya sani. In bai gaishe ni ba sai in ce lallai ya sani. Duk saƙon da ya shigo wayata da Larabci sai in kai wa abokiyar ɗakina ta karanta, ta ce tallan kamfanin waya ne. Sai a lokacin na lura akwai kyamara a saman lif, tana kallon allon sanarwa kai tsaye. Wata bakwai ina wucewa ta ƙarƙashinta ban taɓa ɗaga kai ba. Na yi ta lissafin abin da ta gani: mace cikin kayan aiki da takunkumi, irinmu sun fi arba'in. Amma tsayina fa? Tafiyata fa? Na canza takalmin aiki, na daina ɗaura agogo. Na bi ta wani layi don kada in wuce shagon Basudanen nan, saboda na san takardar tana cikin kwamfutarsa. Abinci ya daina wuce mini. Na jawo akwatina daga ƙarƙashin gado na fara jera kaya a ciki, in jera in kwashe.

Mahaifiyata ta kira ta haɗa ni da yaran. Babbar ta ce an zaɓe ta shugabar aji, ƙaramin ya ce in sayo masa keke. Na ce to, to, Allah ya yi albarka. Ina ajiye wayar na shiga banɗaki na yi amai.

Abin da ya fi mini wuya shi ne ranakun wankin Hajiya. Na saba in na tashi aiki in leƙa in zauna da ita, in na daina za ta tambaya. Na je ranar Litinin na same ta a kishingiɗe, an rufa mata bargo, robobi biyu sun fita daga hannunta zuwa injin, jininta yana zagayawa a cikinsu. Aikina ne ganin jini, amma ranar na kasa kallon robobin.

"'Yar nan, kin rame," in ji ta. "Ko wani ne ya fito kike ɓoye mana? In Balarabe ne ki faɗa tun da wuri, mu fara koyon dafa shinkafarsu ta kabsa."

Na yi dariyar da ba ta kai ciki ba. Ta kama hannuna da hannunta mai lafiya, ta riƙe har aka gama, tana ba ni labarin yadda suka zo Riyad da akwati ɗaya. Na zauna ina jin ƙarar injin, ina tunanin ni ce na sa hannu a kan makunninsa.

Daren Talata na rubuta wasiƙa da Turanci. Na ce ni na rubuta tallan, ni na buga, ni na liƙa, likita bai san da takardar ba. Na sa hannu, na rubuta lambar aikina, na ninke ta na sa a aljihun rigar aiki. Na yi alwashi tsakanina da Allah zan miƙa ta.

Ranar Laraba ƙarfe goma na ce wa shugabar ɗakinmu zan je ɗakin magani, na hau hawa na uku inda ofisoshin manya suke. Can kafet ne a ƙasa, ba a jin takun mutum. Ƙofar ɗakin taron a rufe take, amma ana jin magana. Na ji muryar mudir, shugaban asibitin, sannan na ji ta Baba. Larabci yake yi, a hankali, da irin muryar da ban taɓa jin sa da ita ba. Muryar mai ba da haƙuri ce. Mutumin da in ya shigo ɗakin yara har iyaye suke miƙewa. Na sa hannu a aljihu na kama wasiƙar, na matsa har ina iya taɓa hannun ƙofar.

Sakataren da ke zaune a gefe ya ɗago kai ya ce, "Na'am, sista?"

Na buɗe baki. Na ga fuskar 'yata da ta zama shugabar aji. Na ji kaina ina cewa, "Malesh, yi haƙuri, na ɓata hawa ne."

Na juya na sauka ta matakala, ban jira lif ba. Wasiƙar ta jiƙe da gumin hannuna. A banɗakin hawa na ɗaya na yayyaga ta na kora da ruwa.

Da yamma Baba ya kira ni. Ya ce ya faɗa musu gonar danginsa ce, shi ya sa a liƙa, rashin sani ne. Sun sa shi ya rubuta alkawarin ba zai sake ba, sun sa takardar gargaɗi a fayil ɗinsa, magana ba za ta fita daga asibiti ba. "Khalas, ya wuce," in ji shi. "Ki ci abinci." Kuma na ci. Ranar na cinye faranti guda na shinkafa, na yi barcin da rabona da shi mako guda. Na mayar da akwati ƙarƙashin gado. A hankali na koma gaisawa da mai gadi, na koma cin tuwon Juma'a a Malaz, har na fara gaya wa kaina ai Baba ya san abin da yake yi.

Wata huɗu bayan haka lokacin sabunta kwantiragi ya zo. Nawa aka sabunta. Na Baba aka ce an gode. Dalilin da suka rubuta shi ne shekaru. Amma akwai wani likitan ƙashi da ya girme shi, shi an sabunta masa. Ba wanda ya ambaci takardata, ba kuma wanda zai ambata. Na je na sami Baba yana kwashe littattafansa a kwali, na tambaye shi ko saboda abin nan ne.

"Shekaru ne, 'yata. Ko kin ga na yi kama da yaro?"

Ya ci gaba da jera littattafai, bai dube ni ba.

Ranar Alhamis ta ƙarshe kafin tafiyarsu na je Malaz taya Hajiya haɗa kaya. An kwance labule, falon da muke cika duk Juma'a ya zama kwalaye. Baba ya fita sallamar maƙwabta. Hajiya tana zaune a kan kujera ɗaya da ta rage, da safe aka yi mata wanki, a gajiye take, tana nuna mini abin da za a ɗauka da abin da za a bayar. Ina naɗe kofuna a cikin jarida, hannuna ya kasa. Na ajiye, na durƙusa a gabanta.

"Hajiya, akwai abin da ban faɗa miki ba. Takardar da ta jawo wa Baba..."

"Ke kika liƙa. Na sani."

Na ɗago kai.

"Tun ranar da suka kira shi ya dawo ya zaunar da ni. Ya ce in ya faɗi sunanki za su kore ki. In ya ɗauka a kansa, wataƙila gargaɗi ne, wataƙila kuma su riƙe abin a ransu har lokacin kwantiragi. Ya ce aikin nasa ne amma jinin nawa ne, don haka ni zan zaɓa." Ta gyara mayafinta. "Na ce marayu uku. Me za a tsaya zaɓa?"

"Ranar da na zo na zauna da ke..."

"Na sani mana. Ina kallonki kina ramewa, na rasa yadda zan yi in sa ki dariya."

Na kifa kaina a kan gwiwarta. Ban san abin da nake faɗa ba, ina dai ta cewa ta yafe mini, na je har ƙofar na kasa shiga. Ta bar ni na yi mai isata, sannan ta ɗago fuskata da hannunta.

"Ya isa. Ba ni da lokacin kuka, kuma ke ma ba ki da shi. Ban ce miki ba na jin tsoro ba. Wallahi ina ji, ko barci ba na yi. Jirginmu Asabar ne. Wankina na gaba bai kamata ya wuce Litinin ba. Babanku ya kira wurare biyu a gida, ɗaya sun ce injinsu ya lalace, ɗaya sun ce layi ya cika sai wani watan. Ya daɗe ba ya ƙasar, mutanensa duk sun yi ritaya. Ke nas ce, ba ki daɗe da barowa ba, kin san na yanzu. Ki samo mini inda zan kwanta ranar Litinin."

Na share fuskata, na ɗauki wayata na fita kan matakala. Na san abin da kwana biyar ba wanki yake yi wa mutum, na sha gani da idona. A gida ƙarfe huɗu ta kusa, ana shirin tashi daga aiki, gobe kuma Juma'a. Na nemo lambar wata nas da muka yi makaranta tare, wadda take aiki a ɗakin wankin ƙoda a Zariya, na kira. Tana ta ringin, ba a ɗauka ba.